Neman Kukar Madugu

Ranar da abin ya fara, babu wani abu a gidan Malam Tahidu da ya saɓa wa na kullum. Rana ta gangara bayan gidajen unguwar Vittin a Tamale, baburan ma'aikata suna dawowa daga cikin gari ɗaya bayan ɗaya, matarsa Ajara tana tuƙa tuwo a madafa tana faɗa da gawayin da ya ƙi kamawa. Shi kuwa ya yi alwala ya zauna a falo yana jiran kiran magariba. A bakin taga 'yarsa Farhana ta ba shi baya, ta duƙufa a kan kwamfutarta.

Wani ofishin lauyoyi ne ya ɗauke ta aiki, tana yi daga gida. Manoman wani ƙauye sun kai wani kamfanin sayar da filaye kotu, kotu ta sa kamfanin ya miƙa duk takardunsa, aka ɗauki hotonsu aka zuba a manhaja, shafi dubu sittin da ɗoriya. Ba mai ran da zai karance wannan tuli. Don haka Lauya Basit, mai tsaya wa manoman, yakan aiko mata da jerin kalmomi, ita kuma ta buga su da hannu ɗaya bayan ɗaya a ɗan akwatin nema da ke saman allo. Duk takardar da ta fito sai ta buɗe, ta duba, ta yi mata alama: ta shafi shari'ar, ko ba ta shafa ba. Farhana kuwa tun tana firamare ba ta iya rubuta abu bakinta a rufe ba, duk abin da yatsa ya buga sai harshe ya maimaita.

"Farhana, rufe taga nan," in ji Ajara daga madafa. "Magariba ya yi."

"Yoo, na ji, Mma. Saura ɗaya kawai."

Ta duba jerin lauya, ta buga, ta faɗa a fili: "Kukar Madugu."

Carbin da ke hannun Malam Tahidu ya tsaya. Allo ya nuna sifili, wato babu takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunan. Ta ƙara sunan ƙauyen ta sake faɗa, sifili. Ta ƙara shekara ta faɗa a karo na uku, tana jan sunan kamar mai kiran yaro daga nesa, fuskarta tana kallon tagar da ke buɗe. Daga nan sai unguwar ta yi tsit, irin shirun da ko kaji ba sa katsewa. Ladan bai kai ga buɗe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon gidan, ya gangara a hankali, ya tsaya a tsakiyar rufi.

Malam Tahidu ya fita ya zaga. Babu yaro, babu dutse a ƙasa, babu komai sai katangarsa da ƙofar ƙarfe a kulle. Ya dawo ya ce 'ya'yan maƙwabta ne, ya tafi masallaci, amma bai san surar da liman ya karanta ba.

Washegari da magariba duwatsu uku suka faɗo. Rana ta uku ba a iya ƙirgawa ba, kuma a bayan kowane jifa ana jin wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar ta tsoho yana tambayar hanya. A ranar ne Ajara ta shigo falo da ƙwaryar ruwa ta tarar da 'yarta zaune a miƙe, idanu a rufe ruf, yatsu suna gudu a kan madannai. Ba jerin lauya take bi ba. Kuka mai kogo. Rijiyar da ke gabas da ita. Hanyar jakuna. Sunayen mutanen da ba wanda ya taɓa jin su a gidan. Kowanne ta buga, allo ya ce sifili, sai wani nishi mai kauri ya fito daga ƙirjinta, ta buga na gaba. Ba ta ji kiran uwarta ba, ba ta tashi salla ba. Sai da aka kira isha ta kife a kan tebur kamar an zare mata laka, kuma da ta farka ba ta tuna komai ba.

Haka abin ya zama cin kullum. Suka kai kwamfutar gidan maƙwabta suka ɓoye, magariba na yi Farhana ta zauna a mazauninta ta dinga buga katakon tebur har farcenta biyu suka tsage, dole aka dawo mata da ita. Suka ce a kai ta gidan innarta a unguwar Gumani ta huta, tana isa bakin ƙofar gida ƙafafunta suka mutu, aka kinkimo ta, tana shiga falo ta miƙe da kanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo har gida ta auna ta, ta ce lafiyarta lau, hutu take buƙata. Lauya Basit ya bugo waya ransa a ɓace, domin manhajar tana ajiye duk kalmar da aka nema da sunan wanda ya nema, ba a gogewa, kuma ya ga shirme shafi-shafi a ƙarƙashin sunanta. Farhana ta ba shi haƙuri da muryar da da ƙyar take fita. Cikin mako biyu zoben hannunta ya fara zamewa.

A nan ya kamata a faɗi abin da Malam Tahidu ya sani, tunda shi ba zai faɗa ba. Farhana ta san ubanta tsohon safiyo ne, mai awon filaye, amma ba ta san wa ya yi wa awo kafin a haife ta ba. Wannan kamfanin da manoman suka kai kotu ne. Shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin da duk wajen nan gonaki ne da ciyawa, shi ya zana taswirar farko. Ya zana wata ƙatuwar kuka a bakin tsohuwar hanyar Salaga, inda aka ce fataken goro suke yada zango, ya kewaye ta da da'ira, ya rubuta cewa an bar wa mutanen ƙauye, ba a yankawa. Sai mai kamfani ya kira shi ɗaki ya yi masa magana mai taushi. Tahidu yana haya a ɗaki ɗaya a Zango a lokacin, ga sabuwar amarya. Ya ja layi ya soke rubutunsa, ya ba wurin lamba kamar sauran fulotai, ya sa hannu. Da masu saye suka ƙi fulotin saboda tsoron kukar, aka ce to ya ɗauka, goronsa ke nan. Ya kawo masu injin yanka daga wani gari, waɗanda ba su san sunanta ba. Falon da yake zaune, da madafar Ajara, da tagar Farhana, duk a kan Kukar Madugu suke.

Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma cikin Malam Tahidu ya yi aikinsa shekara da shekaru ba tare da ya koka ba. Tun ranar da ya ji sunan kamfanin a bakin 'yarsa ya bi ta da tambayoyin da suka yi kama da sha'awar tsoho, har ta gaya masa cewa na'urar ba ta iya karanta rubutun hannu, sai na keken rubutu. Ya yi ajiyar zuciya. A taswirarsa komai da hannu ya rubuta, ban da lambar fayil da akawu ya buga a sama. In ba a buga wannan lamba ba, takardar za ta kwanta cikin dubu sittin har tashin kiyama. A duk Tamale kuwa mutum ɗaya ne ya rage mai lambar a kansa.

To kullum da magariba sai ya tsaya a bayan 'yarsa yana kallon allo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wannan: duk sanda sifili ya fito, sai ya ji sanyi a zuciyarsa kafin ya ji tausayi. Ya tsani kansa saboda haka. Ya ƙara nafila, ya yi sadakar ƙosai ranar Juma'a, ya buɗe baki sau biyu zai gaya wa Ajara sai ya ɓige da tambayar ko akwai sauran shayi. In ya yi magana, takarda ta fito, gida ya tafi, sunansa na dattijon masallaci ya bi shi. In ya yi shiru, yana kallo 'yarsa take ƙarewa. Gaba kura, baya sayaki, kuma shi ya haƙa ramin da hannunsa.

Ajara ce ta gaji. Rana ta goma sha tara ta yafa mayafi ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa unguwar Zogbeli, ta dawo bayan la'asar da Afa Abdul-Wadud. Afa shi ne malam a bakin Dagomba, wannan kuwa ɗan tsamurarren tsoho ne mai ido ɗaya fari, wanda aka ce ya fi hira da mutanen ɓoye fiye da na sarari. Bai zo da turare ba, bai zo da bulala ba. Ya nemi buzu da kofin ruwa, ya zauna kusa da tebur, ya ce a buɗe kwamfutar a bar tagar yadda take. Suka zauna suna jiran rana ta faɗi.

Haske ya janye daga bango a hankali. Duwatsu suka fara. Farhana ta miƙe zaune, idanu suka rufe, yatsu suka hau aiki. Afa ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashin jariri, ya daɗe yana yi har gumi ya keto wa yarinyar. Sannan ya ɗora tafinsa a kan madannai.

"Assalamu alaikum, baƙo. Wane ne kai a jikin 'yar mutane?"

Muryar da ta amsa ba ta Farhana ba ce. Ta tsoho ce, busasshiya, da irin Hausar da kakanni suka tafi da ita.

"Wa alaikumus salam. Ɗage hannunka, malam, ina da nema."

"Me kake nema?"

"Gidana."

"Ina gidan naka?"

"Da na sani da ka same ni a nan? Gabas na tafi ziyara, ban daɗe ba, 'yan shekaru. Na bar tsohuwata a kogon kuka da 'ya'yana biyu. Na dawo na iske kwano da siminti daga nan har inda ido ya ƙare. Ba kuka, ba rijiya, ba hanya, ko ƙamshin ƙasar sun rufe. Na yi ta yawo a kan rufin mutane, ba wanda ya ambaci wurin ko da wasa. Sai yarinyar nan ta kira shi sau uku a bakin magariba. Na ji tana cewa duk ƙasar nan tana cikin akwatin nan."

Ajara ta toshe bakinta da mayafi. Malam Tahidu ya jingina da bango.

"Kai Musulmi ne?" in ji Afa.

"Tun kafin kakanka."

"To ka san zalunci haramun ne. Ka dubi yatsunta."

"Na gani. Ni ba ni da wasu yatsun."

"In na ci gaba da karatu za ka ƙone."

"Zan ƙone, in fita, in warke, in dawo. Ka taɓa ganin wanda aka kora daga neman uwarsa ya haƙura?"

Afa ya ɗago kai daga kan yarinyar. Sannan ya juyo da idonsa mai gani ya ajiye shi a kan maigidan.

"Malam Tahidu, a hanya uwargida ya ce mini kai safiyo ne. Mai buƙata in ka kore shi da ƙarfi, yana komowa, kuma komowa ya fi zuwa muni. Yarinya nan ba shi da ƙarfin wani wata ɗaya koraa, ko kaɗan. In akwai abin da ka sani, yanzu ne."

Falon ya yi wa Malam Tahidu ƙanƙanta. Ya dubi matarsa, wadda ta shekara ashirin tana share wannan daɓen tana alfahari da shi. Ya dubi hannun 'yarsa, jini ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin filasta. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har ya ji ɗacinsa a harshe.

"Afa," ya ce, "ya fara rantsewa. In an nuna masa, zai saki yarinya, ba zai taɓa kowa na gidan nan ba. Har wanda ya sare kukar, ko wane ne."

"Ka ji," in ji Afa.

"Na ji. Na rantse da wanda ya halicce ni daga wuta ya halicce ku daga ƙasa."

Har a wannan gaɓar wayon tsohon safiyo bai bar shi ba, ya ga wata 'yar ƙofa ya nufe ta: in ya faɗa da baki, ba sai takarda ta fito ba.

"Nan ne," ya ce. "Gidan nan. A kansa kake."

Wata dariya mara daɗi ta fito daga bakin Farhana.

"Bakin ɗan Adam na sha shi. Kowa in yana son in tashi daga rufinsa sai ya nuna mini wani wuri. Akwatin nan kaɗai ne bai taɓa yi mini ƙarya ba, in babu ya ce babu. Shi zai nuna mini, ko in zauna."

Ƙofar ta rufe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam Tahidu ya tako zuwa bayan kujerar, ya dafa ta, ya fara faɗar lambar: haruffa biyu, sannan alƙaluma biyar. Afa ya ɗage tafinsa. Yatsun da suka shafe fiye da mako biyu suna gudu suka bi shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suna barin ɗigon ja a kan madannai. Allo ya ɗan yi tunani, sannan ya nuna takarda ɗaya.

Ta buɗe. Ga kukar nan a tsakiya, rassa a baje, an zana ta da kulawar saurayin da yake son aikinsa. Ga da'ira, ga rijiya, ga hanya. Ga layin da aka ja aka soke rubutu, ga sa hannu a ƙasa. Idanun Farhana suka buɗe, amma ba ita ke kallo ta cikinsu ba. Yatsa ya bi gindin kukar a kan gilashi, a hankali, sau biyu.

"Ita ce," in ji muryar, ta yi laushi. "Ina kogon yake?"

Malam Tahidu ya auna da ido daga kusurwar katanga, kamar yadda ya saba, ya nuna bakin ƙofar madafa. Jikin yarinyar ya tashi, ya taka kamar tsoho mai ciwon gwiwa, ya durƙusa, ya kafa kunne a kan tayil. Muryar ta kira wasu sunaye uku da harshen da ba na mutane ba. Ta jira. Ta sake kira. A waje an idar da salla, ana jin takalman masu komawa gida, amma a falon ba wanda ya motsa.

"Ba kowa," in ji ta.

Ta ɗaga kunne daga tayil ta tambaya:

"Wa ya sare?"

"Ni ne," in ji Malam Tahidu.

Fuskar 'yarsa ta ɗago ta dube shi daga ƙasa, ta daɗe tana dubansa.

"Ka iya ciniki, mai awo. Ka karɓi rantsuwata kafin ka nuna mini kayan. Na riƙe maganata. Malam, buɗe mini hanya, zan bi bayansu in ga inda iska ta kai su."

Afa ya tofa addu'a a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska. Ta yi atishawa mai ƙarfi, labulen taga ya ɗaga waje alhali babu iska, ta sulale a jikin uwarta. Daga ranar ba a sake jin dutse a kan kwanon gidan ba.

Afa Abdul-Wadud ya naɗe buzunsa. Ajara ta ce ya tsaya ya ci tuwo, ya ce ya gode, a bar shi ya kama hanya. A bakin ƙofa ya ce wa maigidan, "Nawa aiki ya ƙare. Saura naka," ya fita.

Farhana ta sha ruwa, ta dubi yatsunta, ta tambayi uwarta me ya faru. Ajara ta kau da kai daga mijinta. Sai idon yarinyar ya kai kan allon da ke haske a kan tebur. Ta ja jiki ta zauna, ta karanta daga sama har ƙasa, ta matso da fuskarta kusa da sa hannun. Ta san shi. Shi ne a kan duk takardunta na makaranta.

"Baba."

"Na'am."

"Wannan sa hannu…"

"Nawa ne."

"Fulotin fa?"

"Kina zaune a kai."

A gefen takardar 'yan akwatuna biyu suna jiran alama. Ta san abin da lauya zai yi da wannan shafi, shi ma ya sani. Hannunta ya tsaya a sama da madannai, kuma ya ga tana jira ya roƙe ta. Da ya roƙa, da wataƙila ta yi masa, ta ɗauki kayansa ta ɗora a kanta har ƙarshen rayuwarta.

"Yi aikinki, Farhana," ya ce.

Ta danna: ta shafi shari'ar. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta miƙe tana dafa tebur, ta ce za ta rama sallolin da suka wuce ta. Hanyar buta ta gabansa take. Da ta zo wucewa sai ta rusuna, ta tattare bakin zanenta, ta ce, "Gafara dai," da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ba a san daga ina ya zo ba.